Dogon hutu da ƙananan yara a gida: me kuke dafa musu, wane wasa suke yi a tsakar gida?

Maman yara uku, Zariya

Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba da dogon hutu tun ƙarshen Yuli, sai Satumba za a koma makaranta, ni kuma yara uku ne a gabana. Babbar shekararta shida, mai bi mata huɗu, autan bai cika biyu ba. Gidan haya muke, ciki da falo da ɗan tsakar gida da bai wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba. Abu biyu ne suka sha mini kai. Ɗan shekara huɗun nan ba ya cin abinci, in ba taliya da biskit ba sai ya kulle baki, har ƙashin wuyansa ya fara fitowa. Sannan duk lokacin da na shiga girki sai na miƙa musu waya don su bar ni in yi aiki, in na karɓe kuma gidan ya kaure da kuka. Abin yana damuna ƙwarai. Don Allah wadda ta taɓa shiga irin wannan hali ta faɗa mini abin da ta yi da hannunta ya yi mata aiki.

Kakar jikoki, Katsina

Wa alaikumus salam 'yata. Jikata ce ke rubuta mini, ni ina faɗa. Na raini 'ya'ya bakwai, yanzu ina kan jikoki, kuma abin da na gani shi ne yaron da ya sa hannu a abinci da wuya ya ƙi cinsa. Ke kin raba abin gida biyu, girki naki, waya tasu. Mu a da wuri ɗaya ake yin duka. Uwa na bakin murhu, 'ya'ya na gefenta suna tuƙa tuwon ƙasa a gwangwani, suna miya da ganyen da suka tsinko.

Ki gwada shi da ɗanwake. Garin wake kofi biyu, garin rogo kofi ɗaya, kuka cokali ɗaya ko biyu, sai ruwan kanwa kaɗan da kika jiƙa kika tace. Kada kanwar ta yi yawa, ɗaci take sawa. Ki zaunar da shi a tabarma nesa da wuta, ki ba shi rariya ya tankaɗe garin, ki bar shi ya zuba kukar da kansa, ki ce masa ɗanwakensa ne yau za a ci a gidan. Kwaɓi da jefawa naki ne, domin tafasasshen ruwa ba wurin yaro ba ne. Idan ya taso saman ruwa ki ƙara masa 'yan mintuna, ki tsame a ruwan sanyi. Man gyaɗa, dafaffen ƙwai, tumatir. Yajin ki ajiye gefe don manya. Na autan ki yayyanka masa ƙanana sosai, ɗanwake akwai santsi, yana iya wucewa maƙogwaro ba a tauna ba.

In babansu ya dawo, a gaban yaron ki ce, yau wane ne ya yi mana abinci. Ki zuba ido ki ga yadda zai ci.

Maman 'yan biyu, Kano

Hajiya ta gama magana. Ni da alale na samo kan nawa. Kowa yana da gwangwaninsa na madara da na ɗaura wa zare, ɗaya ja ɗaya kore. Da daddare nake surfa wake in wanke, da safe a markaɗo da tattasai da albasa, ba na sa attarugu. Su suke shafa mai a gwangwanayensu, kowa ya zaɓi abin da za a sa masa a ciki, ƙwai ko kifin da na cire wa ƙaya. Minti arba'in a kan wuta ya nuna. Har faɗa suke yi kada wani ya taɓa na wani. Bakin gwangwanin dai a daddanne shi da taɓarya tukuna, yana yanka.

Malamin firamare, Bauchi

Iyayenmu mata, ku ba ni dama in sa baki, domin maganar wasa ba ta uwa kaɗai ba ce, mu ma iyaye maza hutun nan namu ne. Ni nake da yaran daga la'asar zuwa magariba, uwarsu ta samu ta yi tuwon dare hankali kwance.

Tsakar gidanki da kike gani ƙarami ya isa, Maman yara. Gawayi ɗaya zai zana miki 'yar gala-gala a kan siminti, a samo tsingaro ko murfin kwalba na jefawa. Na babbar ki zana gidajen cikakku. Na ɗan shekara huɗu gida uku ya isa, kuma ki ƙyale shi ya yi tsalle da ƙafa biyu, a shekarunsa ba kowane yaro ne ke iya daɗewa a kan ƙafa ɗaya ba. Ni har lambobi nake rubutawa a cikin gidajen, kafin hutu ya ƙare ɗana ya gane 1 zuwa 8 ba tare da na taɓa zaunar da shi da sunan karatu ba.

Motar kara sai kaka, yanzu dawa da gero suna tsaye a gona ɗanyu. Abin da damina ke bayarwa shi ne laka. Mukan ɗebo yumɓu mu gina shanu da tukwane da raƙumi, mu shanya a ƙarƙashin rumfa. Mota kuwa da gwangwanin kifi muke yi, a yanko tayoyi daga tsohon silifa, a zura tsinken tsintsiya. Amma abin da ya fi kama hankalinsu, wanda ban zata ba, shi ne shuka. Kowa na ba shi gwangwani da aka huda ƙasansa, ya cika da ƙasa, ya binne ƙwayar wake uku. Kwana huɗu zuwa biyar ya tsiro. Tun daga ranar, da sun tashi da safe gonarsu suke fara dubawa, ba sa ma tambayar waya.

Ma'aikaciyar jinya, Gusau

Na ji daɗin wannan hira. Ni ma uwa ce, amma bari in kawo abin da nake gani a wurin aiki duk damina, don a haɗa da shawarwarin da aka bayar.

Ɗanyar gyaɗa ta fara shigowa kasuwa, yara kuma suna sonta. Yaron da bai kai shekara biyar ba kada a ba shi ƙwayar gyaɗa ko aya ya ci da kansa, musamman yana gudu ko dariya, domin tana faɗawa hanyar numfashi. A daka, ko a yi kunu da ita. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko take ɗaci a zubar, akwai guba a cikinta mai lahani ga hanta wadda dafuwa ba ta kashewa. Zuma kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ko a kunu ko a baki. Malam, tsingaron nan da murafen kwalba su ma a kula, autan Maman yara komai ya samu baki zai kai.

Kan maganar waya, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, sannan yaro daga shekara ɗaya zuwa huɗu yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a rana. Awa uku ke nan na guje-guje da tsalle-tsalle, ba lallai a jere ba.

Sai maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana rabawa wata-wata a damina, ga yara daga wata 3 zuwa wata 59. Na kwana uku ne. Na ranar farko a gaban ma'aikata ake sha, sauran biyun ke za ki ba shi a gida, kuma nan ne iyaye da yawa suke sakaci. Yaya, ɗanki da kika ce yana rama, ki kai shi a auna shi a duba jininsa. Wani lokaci ƙin cin abinci ba rigima ba ce, ƙarancin jini ne ko tsutsar ciki.

Uwar 'ya mace ɗaya, Kaduna

Ni nawa ba girki ba ne, gargaɗi ne, kuma har yanzu in na tuna jikina rawa yake yi. Damina biyu da suka wuce na tari ruwan indararo a babban bokiti na bar shi a tsakar gida. 'Yata tana da wata goma sha huɗu, tana wasa da kofi a kusa. Na shiga ɗaki ɗauko ashana kawai. Da na fito sai ƙafafunta na gani a sama, kanta a cikin ruwan, ba kuka ba motsin da za ki ji daga ɗaki. Allah Ya sa na fizgo ta da wuri, ta yi ta amai da tari, muka kwana biyu a asibiti. Tun daga ranar duk abin da na tari ruwa a ciki sai mai murfi, baho kuwa ana gama wanki nake kifewa. Mai rijiya a gida ta sa mata murfi da kwaɗo. Ku bar su su yi wasan ruwa, suna so, amma kina tsaye a kansu.

Maman yara, Maraɗi

Allah Ya ƙara tsarewa, 'yar uwa. Mu nan Nijar hutun ya fi naku tsawo, sai Oktoba ake komawa lakwal, wato makaranta, don haka dole mutum ya nemi dabara. Abin da ke cetona shi ne garin kunu da nake haɗawa sau ɗaya a wata: gero tiya ɗaya, waken suya da gyaɗa kowanne kamar kashi ɗaya cikin huɗu na geron. Kowanne a soya shi daban sama-sama, a cire wa waken suya ɓawo, a haɗa a kai niƙa. In ya huce a zuba a roba mai murfi. Da safe minti goma ya ishe ni in dama. Da rana kuma dambu da zogale, wanda a wannan lokaci ganyen ya wadata. Zagen zogale aikin yara ne a gidana. Ina zube musu rassan a faranti, su zauna suna tsigewa, ni ina turara tsaki a madambaci. Ɗiyata da ba ta cin ganye ko kaɗan yanzu ita ke neman a ƙara mata, wai nata ne ta tsige.

Ma'aikaciya, Abuja

Ku yi haƙuri, ni fa ina da ja. Duk abin da kuka faɗa yana da kyau ga wadda take wuni a gida. Ni ƙarfe bakwai na fita, sai biyar da rabi nake dawowa, a bene muke, ba mu da ko taku ɗaya na ƙasa. Kuma gaskiya tuwon ƙasar nan tsoro yake ba ni, ga kashin kaji ga tsutsar ciki. Girki da yara kuma ninka lokaci yake yi. Abin da nake iyawa shi ne faten dankalin Hausa da alayyahu da busasshen kifi, tukunya ɗaya, minti talatin. In na samu dankalin nan mai cikin ruwan lemo shi nake saya, an ce mana a asibiti yana da sinadarin bitamin A mai taimakon ido. Wasa kuwa sai Asabar.

Kakar jikoki, Katsina

Gaskiyarki 'yata, ban ga laifinki ba, kowa da irin nauyin da Allah Ya ɗora masa. Ba kullum nake nufi ba, ko ranar Asabar ɗin ta wadatar. Ƙasa kuma ba dole sai ta tsakar gida ba. Ki sa a kawo miki yashi mai tsabta, ki wanke ki shanya, ki zuba a tsohon baho a baranda, in sun gama ki rufe, a wanke hannu da sabulu. Sannan akwai wasan da ba ya neman fili. In an yi sallar isha ki kashe fitila ki ce ga ta nan ga ta nanku. Ko ba ki tuna tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi daidai ba, ki ƙaga taki, su ba su damu ba, muryarki suke so. Jikokina na birni in sun zo, abin da suke roƙona ke nan tun kafin su cire takalmi.

Maman yara, zangon Kumasi

Gaisuwa daga Gana. Mu nan koko da ƙosai ne karin safe, sai wake da shinkafa da ake dafawa da karan dafi ya yi ja, wanda mutanen nan suke kira wace, daga sunan wake ne na Hausa. Yarana su ke tsince waken, su jefa karan dafin a ruwa suna kallon yadda yake rinewa. 'Yan mata kuma suna da ampe, tsalle da tafi da miƙa ƙafa, mutum biyu sun isa, ba a sayen komai. In na gan su sai in tuna gaɗar da kakata ke ba mu labari.

Maman yara uku, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Yau kwana tara, na ce bari in dawo in faɗa muku inda aka kwana. Anti mai jinya, na kai shi, an ce jininsa ya yi ƙasa kaɗan, an ba shi maganin tsutsa da na ƙarin jini. Hajiya, ranar farko ta ɗanwake gari ya zube a tabarma, shi kuma guda huɗu kawai ya ci. Na sake gwadawa ranar Juma'a, ya cinye rabin kwano, ya ɗebi saura ya ajiye wa babansa ya hana kowa taɓawa. Alale bai karɓe shi ba tukuna, ƙwan ciki yake zaƙulewa ya bar sauran. Bokitaina duka na saya musu murfi. Waya har yanzu ana kuka a kanta, sai dai na mayar da ita bayan azahar kawai, autan kuma na daina ba shi sam. Malam, wakensu ya tsiro, na babbar ganye huɗu, na ƙaninta biyu don ya tone shi sau ɗaya ya ga ko yana nan. Yanzu tambayata, ya fara yaɗo yana neman abin kamawa, a bar shi a gwangwanin a kafa masa tsinke ne, ko a mayar da shi babban tulu?