Likita ta ba jinjirina littafi, wai in riƙa karanta masa

Maman Sadik:

Assalamu alaikum 'yan uwa. A Bronx nake, cikin New York. Jiya na kai Sadik awon wata shida. Da aka gama auna shi aka yi rigakafi, sai likitar ta ɗauko wani ɗan littafi mai shafukan kwali, duk hotunan fuskokin jarirai, ta damƙa masa. Shi kuwa yana karɓa ya kai baki. Ta ce mu tafi da shi gida, kyauta ne, in riƙa karanta masa kullum. Don Allah yaron da ko zama bai ƙware ba, me zai gane? Abin da ya fi damuna ma, littafin na Turanci ne, ni kuwa burina ya tashi da Hausa a bakinsa.

Anti Bilki:

Wa alaikumus salam Maman Sadik, Allah Ya raya mana shi. Ni nas ce a ɓangaren yara, kuma wannan littafin muna raba shi kullum. Shiri ne mai suna Reach Out and Read. A 1989 aka fara shi a asibitin birnin Boston, cikin waɗanda suka kafa shi akwai likitocin yara Barry Zuckerman da Robert Needlman. Dabararsu ita ce, ba kowace uwa ke zuwa laburare ba, amma kusan kowace uwa tana kawo ɗanta awo, kuma maganar likita tana da nauyi a kunnenta. Za ki ci gaba da samun sabon littafi a awonsa har ya shekara 5. A 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta shawarci likitoci su riƙa gaya wa iyaye su fara karatun tun daga haihuwa.

Kai littafin baki da ya yi, abin da likitar take son gani ke nan. Tana lura ko ya miƙa hannu, ko ya riƙe, ko idonsa ya bi hoto. Shi ya sa aka yi shafukan da kwali. Ba labarin ake so ya gane ba yanzu. Muryarki yake sha, yana kan cinyarki, kina nuna abu kina faɗin sunansa, ya yi gwarancinsa ki amsa. Kalmomin nan taruwa suke tun kafin bakinsa ya buɗe. Wallahi yaran da ake yi wa haka ina gane su, da sun kai shekara ɗaya da rabi su ne masu nuna hoto da yatsa suna jiran a faɗa musu.

Baban Khalifa:

Mu ma a Ingila akwai irinsa, Bookstart, tun 1992. Batun Hausa kuwa, Maman Sadik, kada ki damu da rubutun. Ni rufe shi nake da hannu in ce wa Khalifa, "Ga kyanwa. Ina kunnenta? Yaya take kuka?" Turanci zai same shi a makaranta ko ba ki so. Ki sa babansa ma ya riƙa karɓa bayan sallar isha'i.

Hajiya Inna:

'Yata, ni ban yi boko ba, jikata ce ke rubuta mini. Mu da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da waƙar reno muka yi goyon namu, ba mu taɓa cewa jinjiri ba ya ji ba. Ki karɓi littafin ki yi yadda likita ta ce, amma kada ki tsaya nan. Kina wanka ki yi masa magana, kina girki yana bayanki ki yi masa waƙa. Abin da ke ba ni tausayi a wurin 'yan matan yanzu, a sa wa yaro waya a gaba don ya yi shiru. Ki ajiye wayar can nesa in za ki zauna da shi.