Na'urar tace iska saboda yaro mai asma: wacce zan saya?

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarona ɗan shekara 6 yana da asma, duk shekara da hazo ya sauko sai mun kwana a zaune, ƙirjinsa na kuka kamar usur. Likita ya ce a rage masa ƙura a ɗakin kwana. Na ga na'urar tace iska iri biyu a Sabon Gari: ɗaya mai filtar HEPA, wato matata mai kama ƙananan ƙura, ɗayar kuma mai shago ya ce har abada ba a canza mata filta. Ɗakin ƙafa 12 ne da 12, kuma muna da 'yar ƙaramar sola. Wanda ya taɓa amfani da ita ya taimaka min.

Hajiya Babba: Allah ya ba shi lafiya. 'Yata, zuma da man habbatussauda kullum da safe. Mu da su muka raini namu.

Baban Ummi: Maman Sadik, ki tsaya ki ji nawa tukuna. Bara a Disamba na sayi mai HEPA ɗin nan dubu 140. Gaskiya satin farko mun ji daɗi, ƙurar da ke kwanciya a kan madubi ta ragu. Ko wata 3 ba a yi ba jar fitila ta kama. Na buɗe bayanta, filtar da ta zo fara sol ta koma kalar bulon ƙasa. Na koma shagon, yaron ya ce su ba sa kawo filta, sai dai a yi oda. Na ba da kuɗi, na yi zarya har takalmina ya san hanya. Da na gaji na wanke ta da sabulu na shanya a kan katanga. Ta yamutse, ta riƙa warin rima. Yanzu na'urar tana lungu, uwargida na rataye mayafi a kanta.

Injiniya: Wankin ne ya kashe ta, Malam. HEPA kamar takarda ce mai ninki-ninki, tana kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙura mai girman maikron 0.3, wato 'yar mitsitsi da ido ba ya gani, ruwa na taɓa ta ta tashi daga aiki. Ragar gaba kawai ake wankewa, a lokacin hunturu duk sati. Kamfanoni kan ce filta ta yi wata 6 zuwa shekara, amma ba da ƙurar Bodele da iska ke kwaso mana daga Chadi suka yi lissafin ba. Maman Sadik, ki yi hattara da marar filtar nan, da yawansu iskar ozon suke fitarwa, ita kuwa tayar da asma take yi. Ƙaramar mai HEPA ta ishi ɗakinki, wutar da take ci kamar ta fanka ce, solarki za ta ɗauka. Amma kada ki biya sai an ɗora miki filta ta biyu a kan teburin shagon.

Ɗan Fagge: Dubu 140? An yanke ka, Baban Ummi. Maƙwabcina dubu 75 ya sayi tasa.

Anti Nas: Wace dubu 75? Filtar kaɗai dubu 45 aka ce min a Abuja.

Baban Ummi: Injiniya, kai a littafi ka karanta, ni aljihuna ne ya karanta.

Injiniya: Biyu ke gidana, shekara ta uku ke nan.

Baban Ummi: To ai kai ɗan'uwanka ke aiko maka filta daga Dubai, kowa ya sani.

Ɗan Fagge: Ni dai gashin hancina ne filtata, tun haihuwa ba a taɓa canza shi ba, kuma ba ya jiran a kawo wuta.

Anti Nas: Ni a ɗakin yara na asibiti nake aiki, bari in faɗi abin da ba a son ji. Uwa za ta kawo yaro yana haki, rigarsa na tashin turaren wuta. A rufe taga saboda sanyi, a zuba garwashi a kasko, da dare a kunna maganin sauro mai hayaƙi, sannan a ce hazo ne.

Hajiya Babba: Ke Anti, turaren ma laifi ne yanzu? Gidan mace ba ƙamshi ai kango ne.

Maman Sadik: Na daina turare a ɗakinsa tun bara wallahi. Ni dai ku faɗa min inda ake samun filtar a Kano.

Baban Ummi: Turare ma mai sauƙi ne. Maƙwabcina janaretansa ƙarƙashin tagar yarana yake ajiyewa, bututun ya kallo mu.

Injiniya: Wannan kam babu filtar da ke tare shi, HEPA ba ta kama iskar gubar janareta. Ka yi masa magana tun kafin a kwana a asibiti.

Baban Ummi: Sau uku. Har wajen mai unguwa mun je.

Ɗan Fagge: Ku naku janareta ne. Mu bolar bayan layinmu ake cinna wa wuta duk magariba, leda da tsohuwar taya. Wa ma ke kunna ta ne? Shekara biyu muna fako.