Neman shawara: difloma ko tarukan bita?

Ɗan Ƙofar Doka: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Na daɗe a matakin mataimaki a laburare, aikina jera littattafai a kanta da zaman teburin aro, kuma takardar sakandare kaɗai gare ni. In nemi difloma ta laburare ne, ko in riƙa zuwa tarukan bitar nan da ake turo mana tallarsu? Aljihuna ba zai ɗauki biyun ba.

Anti Gyallesu: Wa alaikumus salam. Difloma, ƙanena. Ita ce za ta fitar da kai daga layin mataimaka zuwa na jami'an laburare.

Baban Samaru: Yaro, duk wanda za ka yi, ji nawa tukuna. Lokacin da zan tafi tawa diflomar, na je wurin shugaban sashenmu na wancan lokaci, ya ce in tafi abina, Allah ya ba da sa'a, shi zai ji da batun takarda. Na yi karatun nan da wahala, ina karɓar aikin yamma don in samu zuwa aji da safe, kuɗin makaranta kuwa sai da na sayar da babur ɗina. Na gama lafiya, na kai sakamako ofishin magatakarda. Ranar da kwamitin ƙarin girma ya zauna aka buɗe fayil ɗina, babu takardar izinin ƙaro karatu a ciki. Shi kuma wanda ya ce in tafi ya riga ya yi ritaya. Aka ce karatun da ba a ba da izininsa a rubuce ba, ba za a lissafa shi ba a wannan zagaye. Ina kallo waɗanda na koya wa karanta lambar littafi suka wuce ni. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Don haka ka rubuta takardar neman izini ta hannun shugabanka, ka sa a buga hatimin karɓa a kwafinka, ka adana shi a gida, ba a durowar ofis ba. Sai amsa ta fito a rubuce sannan ka biya kuɗin makaranta. Kuma ka tambaya tun yanzu ko tsarin aikinku ya amince da irin takardar da za ka samo.

Anti Gyallesu: Allah sarki Baba. Allah ya saka maka.

Bakano a Sabon Gari: Ni dai abin da ke ba ni mamaki, kuna zaune gindin rijiya kuna tambayar ruwa. Sashen koyar da aikin laburare na ABU tun 1968 yake, daga ko'ina ake zuwa karatu wurinku. Zage-zagi ke nan!

Ɗan Ƙofar Doka: Bakano, in da karatun kantin kwari ne da mun neme ka.

Hajiyar Kongo: Ku bar wasan nan mu yi magana. Ɗana, ka sani difloma matakala ce. Hukumar LRCN mai yi wa ma'aikatan laburare rajista, wadda dokar 1995 ta kafa, mai digiri a fannin take yi wa rajista a matsayin cikakken ma'aikacin laburare. Ka yi diflomar da kyau yadda za ta kai ka digiri kai tsaye. Amma ban yarda a raina bita gaba ɗaya ba. Wadda ƙungiyar ma'aikatan laburare ta ƙasa, NLA, ke shiryawa, musamman ta sashen katalog (rubuta bayanan littattafai), ana koyon abu sosai. Wadda za ka guje wa ita ce ta otal, a ba ka jaka da satifiket, ka dawo ba ka iya cike fili ɗaya na MARC, tsarin shigar da bayanan littafi a kwamfuta, ba.

Mai Jaridu: Hajiya, mu ƙanana wa zai tura mu? Duk shekara sunayen manya ne.

Hajiyar Kongo: Kuɗin halartar taro na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ya haɗa da ma'aikatan da ba sa koyarwa, ta makarantarku ake nema. Ka taɓa cike fom ɗin?

Mai Jaridu: Ba ma jin labarinsa sai an rufe.

Hajiyar Kongo: To wannan sai mu ɗauke shi a taron ƙungiya, ba daidai ba ne.

Malama Tudun Wada: Akwai na kyauta fa. Research4Life, masu samar da mujallun bincike ta intanet, suna da darussa kan Hinari (rumbun mujallun lafiya) da AGORA (na aikin gona). Tun da na bi su, in ɗalibin aikin gona ko na jinya ya zo neman mujalla, ba na tura shi wurin oga, ni nake zama da shi mu nemo. Sannan Koha, manhajar gudanar da laburare, kyauta ce, ana iya sa ta a kwamfuta ɗaya a yi ta gwaji.

Mai Jaridu: Da wace wutar?

Bakano a Sabon Gari: Wajen ba littattafai lamba, a makarantarmu tsarin Dewey muke yi, ku kuma na jami'a tsarin Library of Congress. Koha za ta ɗauki duka?

Malama Tudun Wada: Tana ɗauka. Lambar da kuke amfani da ita za ka shigar.

Anti Gyallesu: To Malama, me zai hana ki koya mana ran Asabar? Ko awa biyu ne bayan la'asar.

Malama Tudun Wada: Na yarda, in za a samu wuri mai sola. Kowa ya zo da littattafai biyar daga kantarsa mu shigar da su tare, ɗaya ya kasance na Hausa ko na ajami, don a nan ne aka fi tuntuɓe wajen rubuta sunan marubuci.

Baban Samaru: Ni ma ku sa sunana. Tsufa bai hana ba.

Ɗan Ƙofar Doka: Na gode ƙwarai. Baba, ko za ka turo mini samfurin takardar neman izinin?

Baban Samaru: Ka same ni bayan azahar gobe mu rubuta tare. Ka zo da lambar fayil ɗinka.

Mai Jaridu: Asabar ɗin nan ce ko ta sama? Ina da ɗaurin aure a Giwa.