Akwatunan jarida a gefen titin Amurka: wa ke da ikon cewa a kwashe?

Malam Habu: Jama'a, ga maganar da nake so mu baje a faifai. A biranen Amurka akwai akwatunan ƙarfe da kamfanonin jarida ke girkewa a hanyar masu tafiya a ƙasa. Ka jefa tsabar kuɗi, ƙofa ta buɗe, ka ɗauki jarida. Wasu kuma kyauta ake ɗauka. Ni a ganina hanyar nan ta kowa da kowa ce, don haka hukumar birni na da cikakken ikon hana ajiye su ko ta kwashe su, kuma babu abin da ya haɗa wannan da 'yancin 'yan jarida. Ba a hana ka bugawa ba, ba a hana kowa karantawa ba. Cewa kawai aka yi kada ka tare wa mutane hanya da ƙarfenka.

Barista Hauwa: Allah ya gafarta Malam, kotunan can sun yarda da rabin maganarka, ɗaya rabin kuma sun ƙi. Akwai wani gari mai suna Lakewood a jihar Ohio, dab da Cleveland. Da farko garin ya hana kowa kafa komai a filin hukuma. Jaridar Plain Dealer ta kai ƙara ta yi nasara, sai majalisar garin ta sake doka: duk mai son ajiye akwati ya nemi izini wajen magajin gari, kuma kowace shekara sai an sabunta. Aka ce sai kwamitin tsara gine-gine ya amince da fasalin akwatin, sai an yi inshorar dala 100,000, sannan aka bar wa magajin gari damar ƙara duk wani sharaɗin da ya ga ya dace. Jaridar ko takardar neman izinin ba ta cika ba, ta sake komawa kotu. A 1988 Kotun Ƙoli ta soke wannan ikon na magajin gari, alƙalai 4 suka rinjayi 3.

Malam Habu: To ai kin gani, Barista, da ƙyar suka yi rinjaye. Ukun nan me suka ce?

Barista Hauwa: Kusan abin da ka faɗa. Mai shari'a Byron White ne ya rubuta ra'ayinsu, ya ce babu jaridar da tsarin mulki ya ba haƙƙin yankar wani ɓangare na filin jama'a ta mayar da shi shagonta na dindindin. Har ya kwatanta da injin sayar da lemon kwalba. Amma William Brennan, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya ce mai lemo ba ya rubuta sharhi a kan magajin gari, jarida kuwa aikinta ke nan. Idan mutumin da kake suka yau shi ne zai sa hannu a takardar izininka baɗi, kuma dokar ba ta gindaya masa ma'aunin da zai bi ba, to editanka zai fara tauna maganarsa tun kafin a ce masa uffan. Kuma ran da aka hana ka, ba ka da yadda za ka nuna wa kotu cewa don sukar aka hana ka, tunda babu rubutaccen ma'auni da za a auna hukuncinsa da shi.

Maman Khalifa: Ni dai ina bayan Malam Habu, kuma ba batun shari'a nake yi ba. Mahaifiyata a keken guragu take. Duk wanda ya taɓa tura keke a kusurwar titi inda aka jera akwati shida ko bakwai, wani an ɗaure shi da sarƙa a jikin falwaya, wani ya karkace, wani an mayar da shi kwandon shara, ya san abin da nake faɗa. Lokacin ƙanƙara abin ya fi muni, don masu sharewa ba sa iya kai wa bayan akwatunan. Makaho mai sanda fa? Dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990 tana nan, kuma ma'auninta ya ce hanyar da keke zai bi kada faɗinta ya gaza inci 36. Haƙƙin tsohuwar nan na wucewa bai kai na kamfanin jarida ba ne?

Barista Hauwa: Ya kai, Maman Khalifa, kuma babu kotun da ta ce bai kai ba. Birni na iya rubuta cewa akwati kada ya wuce tsawo kaza, kada a ajiye shi kusa da mashigar masu tsallaka titi, ko famfon 'yan kwana-kwana, ko tashar bas, ko gangaren da keke ke sauka. Yana iya cewa a rubuta sunan mai shi da lambar wayarsa a jiki. New York ta yi irin wannan doka a 2002. Abin da kotu ta ƙi shi ne a damƙa wa mutum guda wuƙa da nama.

Baba Ɗanjuma: Ku bari tsohon mai sayar da jarida ya sa baki. Na daɗe ina wannan sana'a a Kaduna kafin ƙafa ta gaza. Habu, ɗana, ka ce ba a hana bugawa ba. Jaridar da aka buga ba ta isa hannun mai karatu ba, me ta zama? Takardar ƙunshe ƙosai. Mu a nan ba mu da akwatin ƙarfe, mu ne akwatin, da teburinmu a bakin titi da mutanen da ke taruwa su karanta kanun labarai kyauta suna gardama. A watan Yunin 2014 sojoji sun tare motocin da ke raba jaridu a sassan Najeriya, har da na Daily Trust da Leadership da Punch da The Nation. Hukumar soja ta ce binciken tsaro take yi. Ba a rufe maɗaba'a ko ɗaya ba, amma a kwanakin nan mai neman jarida a garuruwa da dama bai samu ba. Wanda ya riƙe hanyar rabawa ba ya buƙatar taɓa alƙalamin kowa.

Malam Habu: Baba, Allah ya ƙara lafiya, na ji ka. Amma soja da bindiga daban, ma'aikacin ƙaramar hukuma mai awon faɗin hanya daban. Kada mu haɗa su.

Baba Ɗanjuma: Ban ce ɗaya suke ba. Na ce wurin da suke taɓawa ɗaya ne. Mai awon ma idan aka bar shi ya zaɓi wanda zai auna da wanda zai kau da kai, ka san inda za a ƙare.

Barista Hauwa: Baba ya faɗi abin da Kotun Ƙolin Amurka ta faɗa tun 1938, a ƙarar wata mata mai suna Alma Lovell, mabiyar Shaidun Jehobah, wadda aka kama a garin Griffin na jihar Jojiya saboda tana raba ƙasidu ba tare da izinin manajan gari ba. Kotu ta soke dokar, ta ce 'yancin rabawa wajibi ne kamar 'yancin bugawa. Sannan maganar zaɓe da Baba ya yi, ita ce ainihin abin da ya faru a Cincinnati. A lokacin garin na da akwatuna tsakanin 1,500 da 2,000 a tituna. A 1990 hukuma ta ce don tsabta da lafiyar masu wucewa a kwashe 62, na kamfanoni biyu: ɗaya na raba mujallar tallan darussan manya, ɗaya na tallan gidajen sayarwa. Dalilinta wai waɗannan talla ne, ba jarida ba. A 1993 kotu ta ce ba ta yarda ba, alƙalai 6 da 3. Akwatin talla bai fi akwatin jarida muni a ido ba, bai fi shi tare hanya ba, kuma cire 62 daga cikin kusan 2,000 ba zai gyara komai ba. Abin lura, John Paul Stevens da ya rubuta wannan hukunci yana cikin ukun da suka goyi bayan Lakewood a 1988.

Sadiq Bronx: Anti Hauwa, to ki faɗa musu na Boston mana, don a yi adalci.

Barista Hauwa: Zan faɗa, ƙanena. Unguwar Beacon Hill tsohuwar unguwa ce da doka ke kare fasalinta. Kwamitin da ke kula da ita ya hana akwatunan gaba ɗaya, Boston Globe da wasu jaridu suka kai ƙara, a 1996 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba kwamitin gaskiya. Hanin ya hau kan kowa ba tare da duba abin da ke cikin akwatin ba, kuma mazauna unguwar na samun jarida a shaguna, ana kai musu gida, ga akwatuna a wajen iyakar unguwar.

Malam Habu: Madalla. Ashe ana iya hanawa.

Barista Hauwa: A ƙaramar unguwa mai dalili na musamman, a hana kowa, kuma a nuna akwai wasu hanyoyin. Kai kuwa cewa ka yi cikakken iko, kuma babu ruwan 'yancin jarida. Ko a Boston sai da kwamitin ya tsaya gaban kotu ya kare kansa a kan ma'aunin 'yancin faɗar albarkacin baki.

Sadiq Bronx: Ni abin da ke damuna wani ne. Manyan jaridu sun riga sun bar titi. USA Today da ta cika garuruwa da fararen akwatunanta masu kama da talabijin tun 1982, yau a waya ake karanta ta. Village Voice mai jajayen akwatuna ta daina fitowa a takarda duk mako a 2017. Waɗanda suka rage su ne ƙananan jaridun unguwa da na baƙi, masu fitowa da Sifaniyanci ko Sinanci ko Rashanci, yawanci kyauta. Su ba su da lauyoyin Plain Dealer. Idan aka ce sai inshora mai tsada, sai kuɗin rajista kan kowane akwati, sai tara idan wani ya yi zane a jiki, dokar a takarda ta hau kan kowa daidai, amma ƙaramin ne kaɗai za ta kayar. San Francisco a 1998 ta yi dokar maye gurbin akwatunan da manyan rumfuna na bai ɗaya masu gurabe da yawa, jaridu suka kai ƙara. Tsarin ya fi kyan gani, ban musa ba. Amma gurbi a kusurwa mai cunkoso ƙididdigagge ne. Wa zai samu, wa zai rasa? Idan aka ce mai fitowa kullum ne kan gaba, jaridar unguwa mai fitowa wata-wata ta koma lungu.

Maman Khalifa: Sadiq, na yarda da kai a kan ƙananan. Amma mafi yawan waɗanda ke tare mana hanya babu komai a cikinsu, kamfanin ma wataƙila ya mutu. Wane 'yanci ake karewa a akwatin da babu jarida?

Sadiq Bronx: Babu, Hajiya. Wannan a kwashe shi. A manna masa takarda, a kira lambar da ke jiki, a ba da wa'adin da doka ta rubuta, idan ba a zo ba a ɗauke, a ajiye inda mai shi zai iya karɓa. Abin da ba na so shi ne motar hukuma ta zo da asuba ta kwashe mai rai da matacce tare, mai ƙaramar jarida ya wayi gari bugun satinsa na cikin juji.

Malam Habu: Har yanzu ina nan a kan cewa hanya ta masu tafiya ce kafin ta zama ta kowa, kuma ra'ayin White ya fi kwanta mini. Idan majalisa ta zauna a bainar jama'a ta ce faɗin titi kaza ba zai ɗauki akwati ko ɗaya ba, ban ga laifinta ba. Inda zan tsaya tare da ku shi ne batun magajin gari: izinin shekara-shekara a hannun mutumin da jaridar ke bin diddiginsa, wannan ko ni ba zan kare shi ba.

Baba Ɗanjuma: To majalisar ma 'yan siyasa ne, Habu, su ma jaridar na bin diddiginsu. Idan za su hana, su rubuta inci nawa ne faɗin titin, inci nawa ya rage wa mai keke, su liƙa inda kowa zai gani, yadda mai jarida zai ɗauko tef ɗinsa ya je ya auna da kansa. In awonsa ya saɓa da nasu, ya san ƙofar kotun da zai nufa.