Matsarmamar Turawa da na shuka a buhu tana bushewa, me ke cin ganyen?

Maman Sadiq, Samaru

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma ku yi haƙuri zan ɗan ja bayani don mai amsawa ya san inda aka kwana.

Ƙanwar maigidana da ke aure a Amurka ta zo gida bara, cikin tsarabar da ta kawo min har da 'yar takardar iri. Ground cherry Turawa ke ce masa, a ƙasan sunan kuma an rubuta Physalis pruinosa. Da na ga hoton jikin takardar sai da na yi dariya, don ni matsarmama na gani, wadda muke tsinka a bakin gona muna yara mu buga 'yar jakar a goshi ta fashe. Ta ce in dai shuka in gani, ɗanɗanon ba ɗaya ba ne.

Tsakiyar Nuwamba na yafa irin a tsohuwar roba. Ya yi mako biyu shiru, har na fid da rai, sai ga shi ya tsiro. Farkon Janairu na dasa guda tara a buhunan siminti da na wanke: ƙasar lambu kashi biyu, yashi ɗaya, ruɓaɓɓen kashin awaki ɗaya. Na jera su jikin katangar da ranar yamma ke duka, kusa da tumatir gindi biyu da attaruhuna. Ba ya yin tsayi, da ƙyar ya wuce gwiwa, bajewa yake yi. Cikin Fabrairu ya cika da huda, jakunkunan suka fara reto a ƙarƙashin ganye. Mun ci na farko makonni biyu da suka wuce, wallahi kamar an haɗa abarba da tumatir mai zaƙi. Sadiq tun ranar ya maida wajen ofishinsa.

To ga matsalar. Ganyen ƙasa ne suka fara yin ɗigo-ɗigo fari-fari, kamar an bi su da allura ana tsikara. Daga nan su koma rawaya, su yi kalar ƙasa, su bushe su kakkaɓe. Yanzu abin ya hau sama, har ina ganin wata siririyar saƙa a kan tohon. Ban ga tsutsa ba, ban ga fara ba. Na je shagon maganin gona na yi wa mai shagon bayani da baki, ya ba ni wata 'yar kwalba, saifametirin ne a ciki. Na fesa sau biyu, kwana biyar tsakani. Maimakon sauƙi sai abin ya ƙara gudu, gindi uku sun tafi, tumatir ɗin ma ya kama.

Mene ne wannan? 'Ya'yan da ke faɗowa yanzu yara za su iya ci? Ko in tuge duka in huta?

Alhaji Mai Tumatir, Kura

Wa alaikumus salam Hajiya. Tunda kin ce har tumatir ya kama, ni Sharon nake zargi, tsutsar nan mai cinye gonakin tumatir. Mu da muka ga 2016 ba sai an ba mu labari ba, gona guda ka kwana da ita kore ka tashi ta zama kamar an bi ta da wuta, har kamfanin tumatir na Kadawa ya tsaya don babu abin niƙawa, Kaduna kuma ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Wannan maganin da aka ba ki ba ya yi mata komai, wanka take yi da shi. Ki tuge ki ƙone kafin ta tsallaka gidan maƙwabta.

Ɗan Autan Giwa

Hajiya don Allah matsarmama ce fa ake wannan taro a kanta? Ki zo gonarmu da damina in cika miki buhu kyauta, har ladan noma zan ba ki.

Tsohon Malamin Gona, Funtuwa

Salamu alaikum. Alhaji, a gafarce ni, a nan ban bi ku ba. Hajiya kada ki tuge tukuna.

Sharon, wato Tuta absoluta, tana iya kama wannan tsiro, don dangi ɗaya ne da tumatir, gauta, yalo, tattasai da dankalin Turawa. Amma ɓarnarta ba ta ɓuya. Tsutsar cikin ganyen take shiga, tsakanin fatar sama da ta ƙasa, ta cinye koren ta bar wani fili fari kamar leda, da baƙin kashinta a ciki. In ka ɗaga ganyen ka kalli rana za ka hango ta kwance. Abin da Hajiya ta siffanta daban ne. Ɗigon allura, farawa daga ganyen ƙasa, da saƙa a kan toho, ga kuma zafin ƙarshen Maris, wannan jan gizo-gizo ne.

Ga gwaji, ba ya cin ko kwabo. Ki samu farar takarda ki tara a ƙarƙashin reshe, ki kaɗa reshen da yatsa. Za ki ga wani abu ya zubo kamar garin barkono. Ki zuba masa ido minti ɗaya, in ya fara tafiya to shi ne. Ki murza da yatsa, zai bar jan zane a takardar. Girmansa bai fi rabin milimita ba, kuma bayan ganye yake zama yana tsotsa, shi ya sa kika yi ta dubawa ta sama ba ki ga kowa ba.

Dalilin da feshinki ya ƙara dagula lamarin kuwa, wannan halitta ba cikin jinsin ƙwari take ba. Ƙwaro ƙafa shida gare shi, wannan in ya girma takwas, ɗan uwan gizo-gizo ne da kaska. Saifametirin da ire-irensa ba sa kama shi sosai, amma suna share masu cinsa, irin jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi da wasu ƙanana da ido ba ya lura da su. Kin kori masu gadi kin bar ɓarawo a ɗaki. Ga shi a irin wannan zafi ƙwansa kwana uku ya ishe shi ƙyanƙyashewa, cikin mako guda zuwa kwana goma ɗan ya isa yin nasa ƙwan. Wurin da kika ajiye buhunan ma ya yi masa daɗi: katanga ta sha ranar yamma tana maido da zafin, ƙurar hunturu ta kwanta a ganye, iska ba ta ratsawa. Ba abin da yake so kamar zafi da ƙura da bushewa.

Da nawa ne, ga yadda zan yi. Gindi ukun da suka mutu da duk ganyen da ya riga ya koma rawaya a cire, a sa a leda tun a wurin, a ƙone. Kada a ja su a ƙasa ta tsakanin sauran, kada kuma a zuba a ramin taki. Tumatir ɗin in ya riga ya ba da abin da zai bayar a haɗa da shi, don shi ne babban masaukinsu. Sauran buhunan a janye su daga jikin katanga zuwa inda za su samu ranar safe da inuwar la'asar, a bar tazarar taku ɗaya tsakaninsu.

Sai wanka. Da sassafe ki juya ganyen ki watsa musu ruwa da ɗan ƙarfi ta ƙasa, da famfon feshi ko gorar ruwa da aka huda murfinta. Mutane na raina wannan don ba a sayo shi a kwalba ba, alhali rabin aikin ke nan.

Sannan darbejiya. A tsinto ƙwallon a gindin bishiya, a shanya a inuwa, a fasa a fitar da ƙwayar ciki. Giram 50 ga kowace lita ɗaya ta ruwa, wato rabin kilo a bokitin lita 10. A daka a turmin da ba na abinci ba, a ɗaure a tsumma a jiƙa ya kwana, da safe a matse a tace sosai don kada ya toshe bakin famfo. A narka ɗan sabulun salo kamar girman ƙwallon dabino a zuba, shi ke sa ruwan ya kama ganye. Ban da garin sabulun wanki, yana ƙona ganye. Da yamma ake fesawa bayan rana ta yi sanyi, don hasken rana na kashe ƙarfin darbejiya, kuma bayan ganye za a nufa. A fara da gindi ɗaya a kwana a gani, ganyen wannan tsiro mai gashi ne mai laushi. In bai nuna komai ba a bi sauran, a maimaita duk kwana huɗu ko biyar har sau huɗu, kowane karo da sabon haɗi. Wanda ya fesa sau ɗaya ya zauna, ƙwan da ya bari ne zai dawo masa. In ba a samu ƙwallon ba ganyen ma yana yi, sai dai bai kai shi ƙarfi ba.

Akwai maganin kanti da ke kama shi, abamektin, amma a kan gindi shida a tsakar gida da yaro ke zirga-zirga ban ga dalili ba. Fiya-fiya kuwa ko da wasa kada ta je kusa da abin da za a ci.

Zancen 'ya'yan: ki duba jikin kwalbar da kika fesa, akwai kwanakin da aka rubuta a jira kafin girbi. Duk wanda ya faɗo cikin waɗannan kwanaki a zubar inda kaji ba za su kai ba. In rubutun ya goge, ni mako biyu zan bari daga feshin ƙarshe.

Alhaji Mai Tumatir, Kura

To Malam, ilimi kogi ne. Amma Hajiya ki ɗaga ganyen tumatir ɗin a rana ki duba dai, don na sha ganin su biyun a gona ɗaya.

Anti Ohayo

'Yar uwa sannu da ƙoƙari. Shekara huɗu ke nan ina shuka shi a bayan gida, to bari in ƙara kan na Malam ta ɓangaren ci, tunda akwai yaro.

Ba a tsinkar sa a jiki. In ya nuna da kansa yake faɗowa, daga nan ma sunansa na Turanci ya samo asali. Jakar ta bushe ta yi kalar kara, ɗan ciki ya zama ruwan ɗorawa sosai, to shi ake ci. Wanda ke da sauran kore a jiki kada Sadiq ya sa a baki, ɗanyensa da ganyensa da jakar duk suna da irin dafin da ke cikin dankalin Turawa in ya yi kore, yana murɗa ciki. Wanda ya faɗo bai gama nuna ba ki bar shi cikin jakarsa a faranti, kwana kaɗan zai ƙarasa. A cikin jakar yana yin makonni bai lalace ba, da an ɓare kuwa kwana kaɗan ne. Ni tsohon zani nake shimfiɗawa a ƙarƙashi, da yamma in tattara.

Mu a nan Ohayo ta Amurka gizo-gizon bai cika damunmu ba sai an daɗe ba ruwa. Namu wani ɗan ƙwaro ne rawaya mai baƙin zane uku a baya, mai son zaƙami da danginsa. Ƙwansa ruwan lemo ne, a jere a bayan ganye. 'Ya'yansa kuwa ƙazamai ne na ƙarshe, kashinsu suke ɗorawa a gadon baya suna yawo da shi don kada a cinye su. Shekarar farko na ɗauka taɓo ne ya fantsama a ganyen, sai da na ga taɓon na tafiya. Da hannu nake bin su kowace safiya, in murje ƙwan, manyan in kaɗa su cikin kofin ruwan sabulu, da ma da ka taɓa reshe suke sakin jiki su faɗo.

Ɗan Auta kuma, taka ta gona Physalis angulata ce, 'yar uwarta ce amma tsami-tsami take ba zaƙi. Akwai ta uku, peruviana, mai tsayi da manyan 'ya'ya, wadda Kolombiya ke nomawa a kan tsaunuka tana kai wa Turai. Ita sanyi take so, mutanen Jos ne ya kamata su gwada ta. 'Yar uwa, in kina son iri ki matse nunannu biyar a ruwa, ki tace ki shanya a takarda. Ko ba ki yi ba ma za ki ga ya fito da kansa a inda buhunan suka zauna.

Maman Sadiq, Samaru

Allah Ya saka da alheri, na dawo da rahoto bayan kwana tara. Baba Malam, maganarku ce. Na tara takarda na kaɗa, garin barkono ya tashi yana tafiya, har na kira maigidan ya zo ya gani don kada ya ce na faye zuzutawa. Alhaji, na ɗaga ganyen tumatir a rana kamar yadda kuka ce, ban ga farin filin nan ba, amma na tuge shi duk da haka.

Buhunan shida suna gindin mangwaro yanzu ta gefen gabas. Darbejiya na yi sau biyu, turmin aro na yi wajen maƙwabciya, ta ce in riƙe ta yafe, ɗacin ba zai fita ba. Gindi ɗaya bai farfaɗo ba, biyar sun fito da sabon toho mai tsabta, sai dai jiya da na kaɗa har yanzu akwai 'yan tsiraru a takardar, don haka saura feshi biyu. Kwalbar ta ce kwana bakwai, na zubar da kusan cikin gwangwanin madara biyu, Sadiq ya yi kuka kamar an yi masa mutuwa.

Anti, wata sabuwa kuma. Tun da na maido su gindin mangwaro, kullum da safe sai in tarar da jakunkuna uku ko huɗu a ƙasa an huda su ta gefe, ɗan cikin babu. Kajin a kulle suke kwana. Ɓera ne ko ƙadangare?