Tabaron da ake ɗaura wa mai naƙuda: wane suna za mu ba shi?

'Yan'uwa na Makka da Jidda, ku taimaka mini da kalma. Abin da Turawa ke kira virtual reality, Larabawa su ce alwaƙi'ul iftiradi, ya fara shiga ɗakunan haihuwa. Wani tabarau ne mai kauri da ke rufe ido ruf, da abin ji a kunne. Mace na kwance tana murƙususu, sai ta ga kanta a bakin teku, in ta juya kai wurin ya juya tare da ita, wata murya kuma tana gaya mata lokacin jan numfashi da lokacin saki.

Tun kafin a kai shi wurin haihuwa, an gwada shi a kan masu ƙuna. A Jami'ar Washington da ke Amurka, Hunter Hoffman da abokan aikinsa sun ƙirƙiri SnowWorld, duniyar ƙanƙara da majinyaci ke kallo yayin da ake wanke masa ciwo. Dalilin shi ne hankalin mutum ba ya ɗaukar komai a lokaci guda. In ido da kunne sun cinye rabo mai yawa, abin da ya rage wa zafi kaɗan ne. A asibitin Cedars-Sinai na Los Angeles an gwada da mata 40 masu naƙuda, kuma waɗanda suka sa sun ce zafin ya ragu. Raguwa fa, ba gushewa ba. Ba ya maye gurbin allurar baya mai kashe zafin naƙuda, wasu ma jiri yake sa su ko tashin zuciya.

To ni damuwata ita ce iyayenmu mata na Makka, na Misfala da Shari' Mansur da ba su jin Larabcin likita. Ranar da daktora ta miƙo wannan abu, me mai fassara za ta ce?

Iftiradi dai ba zai yi ba. Asibitin Seha da aka buɗe a Riyad a 2022 ma iftiradi ake ce masa, alhali can ana nufin likita ya duba ka daga nesa. Ruɗani ke nan.

Wata yayata ta ce "gilashin mafarki". Yaya, da daɗin ji, amma mai naƙuda ba barci take ba, kuma ana so ta kasance a farke ta ji ungozoma in an ce ta yi nishi. Wani malami ya kawo "kawalwalniya". Malam, Allah ya ƙara sani, sai dai kawalwalniya yaudarar mai ƙishirwa ce, ba na so mace ta ji kamar za a ruɗe ta. "Duniyar bogi" kuwa ko a bakin ƙofa: wace suruka ce za ta bari a ɗaura wa matar ɗanta bogi? Duk sunan da ya yi kama da siddabaru, za a ce a cire, a kawo rubutu.

Wadda ta fi kwanta mini ita ce ta Inna, wata dattijuwa a unguwarmu da ta daɗe tana karɓar haihuwa. Jikanta ya sa mata irin na wasa, ta miƙa hannu za ta taɓa kifi, ta ce, "Kai, kamar gaske!"

Saboda haka nake ganin fasahar a kira ta kamar-gaske, na'urar kuma tabaron kamar-gaske. Ku gwada a baki: "Hajiya, za a sa miki tabaron kamar-gaske, zai ɗauke miki hankali daga ciwon, in kin ji jiri ki faɗa a cire." Mutanenmu na Sudan, na Mai Wurno da Umdurman, in kuna da wadda ta fi wannan ku kawo.