Don Allah a taimaka, bayan kunkuruna ya bushe har ya tsage

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kunkurun marigayi Babanmu ne, shekara 16 yana gidanmu a Katsina, tun yana kamar tafin hannu aka kawo masa shi daga wajen Maraɗi, yanzu sai mutum biyu ke ɗaga shi. Da aka raba gado aka sayar da gidan, yayyena kowa ya ce ba shi da wuri, matar babban Yaya ma cewa ta yi a kai shi kasuwa. Ni na ɗauko shi, maigidan bai so ba. Tun shigowar hunturu bayansa ya yi furu-furu yana ɓarewa, jiya kuma na ga tsaga ta wajen ƙafar baya. Ko runtsawa ban yi ba. Me zan shafa masa?

Alhaji Na Bakin Kasuwa: 'Yata, man kaɗanya. Safe da yamma. Na yi kiwon kunkuru kafin a haifi rabin mutanen nan. Kaushi ne irin na ƙafar mutum.

Abban Sadik: Ke naki ma yana nan. Nawa dare ɗaya aka ɗauke shi ta katanga, kuma na san ko waye, Allah ya isa.

Zee (ɗalibar likitancin dabbobi): Anti, kada ki shafa mai tukuna, ƙura yake kamawa ya rufe datti a cikin tsagar. Ƙoƙon bayan nan ƙashi ne mai rai, haɗe yake da haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa, akwai jini, kuma yana jin zafi. Ɓarewar sama-sama ba ta cika zama matsala ba, tsagar ce abin dubawa. Tana da zurfi? Akwai jini, ruwa ko wari? In kin danna, wurin da laushi? Me yake ci, a ina yake kwana?

Maman Ilham: Tuwo da shinkafa, abin da muka ci. A sito yake saboda sanyi, kuma gidan haya ne duk siminti.

Zee: To ga bakin zaren. Irin wannan babban kunkurun na Sahel ciyawa ce abincinsa, kuma a daji rami yake haƙawa ya shige inda akwai danshi. Ba rana, jikinsa ba zai sarrafa sinadarin da ke gina ƙashi ba. Ki fito da shi hantsi kullum, da inuwar da zai fake. Ki zaunar da shi a ruwa mai ɗumi-ɗumi minti 20, kada ya wuce haɓarsa. Ciyawa, ganyen rama ko yakuwa, ki barbaɗa dakakken ɓawon ƙwai. Tsagar ki wanke da ruwa mai tsabta, ki tsare ta daga ƙuda kada su sa tsutsa, ki nemi likitan dabbobi.

Maman Ilham: Ai Baba ma tuwo yake ba shi, bai taɓa ciwo ba.

Alhaji Na Bakin Kasuwa: Kin ji ko? Yaran zamani komai asibiti. In tsagar ce damuwa, Super Glue, an wuce wurin.

Zee: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, in aka liƙe da ƙwayar cuta a ciki ruɓewa zai yi ta ƙasa. Anti, a gidan Baba akwai turɓaya da rana da ciyawar da yake tsinka, tuwon ƙari ne.

Ummu Hanan: Ni maganar matar Yayan ce ta tsaya min. Haka tamu ta yi mana da akwatin Hajiya.

Malam Buba: Bushewa kaɗai ba ta fasa bayan kunkuru. Ya faɗo ne, ko an buge shi?

Maman Ilham: Yara sukan hau shi, ran Juma'a ya zame daga dakali, amma dakalin ba tsawo. Kuma ba zan hana yara wasa da kunkurun kakansu ba.

Malam Buba: Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Hajiya, turo hoto.

Alhaji Na Bakin Kasuwa: Kaɗanya dai.

Maman Ilham: Wayar ba ta ɗaukar hoto da kyau. Maigidan ya ce ba zai ɗauki kunkuru a mota ba. Man zaitun fa, shi ma ba kyau?